TURANCIN DA ZA A JI A GANE: JAWABI GA ƊALIBAN AJIN YAMMA NA TINA JUNCTION

 



Da sakataren ƙungiya ya same ni a rumfa ya ce ni zan yi wa ɗaliban ajin yamma jawabi a kan Turanci, sai da na yi dariya. Na ce masa, ƙanena, ga malaman makaranta a cikinmu, ga waɗanda suka yi Jami'ar Jos, ka rasa wanda za ka ɗauko sai mai sayar da dankali, wanda karatunsa bai wuce allo da Islamiyya ba? Sai ya ce ai shi ya sa. Ya ce ɗaliban nan yawancinsu 'yan kasuwa ne da direbobi da matan aure, sun fi son su ji daga bakin wanda ya koya da girmansa. To, tun da haka ne na amsa, kuma abin da zan faɗa muku duk abin da ya same ni ne, ko na gani da idona a kasuwa. Inda na yi kuskure malamai suna nan, sai su gyara mini.

Bari in fara da labarin da ya sa na shiga neman Turanci gadan-gadan. A shekarar 1998, lokacin ina da shagon yadi a babbar kasuwar Taminus, kafin gobarar watan Fabrairu na 2002 ta cinye ta, akwai wani abokin cinikina mutumin Kudu da ya shiga matsi, na ranta masa N40,000. Kun san darajar wannan kuɗi a wancan lokaci. Muka ce a rubuta, kamar yadda addini ya hore mu da rubuta bashi, kuma tun da shi ba ya karanta Hausa, sai na ɗauki biro na rubuta da ɗan Turancin da na tsinta a bakin kasuwa. Na rubuta "I borrow him forty thousand naira", na sa sunansa, muka sa hannu, wani maƙwabcin shagona ya sa hannu a matsayin shaida. Bayan wata bakwai Allah Ya yi wa mutumin rasuwa. Ƙanensa ya zo daga garinsu don ya tattara dukiyar mamaci, ya ga kwafin takardar, sai ga shi a shagona yana cewa in biya N40,000 da na ranta a wurin yayansa. Jama'a, ni da nake bin bashi, sai ga shi ni ake bi.

Na ɗauki takardar na kai wa wani malamin sakandare, ya karanta, ya girgiza kai. Ya ce Alhaji, kalmar "borrow" ta mai karɓa ce, ta mai bayarwa ita ce "lend". Da ka rubuta "I lent him" da babu mai yi maka gardama. Mu a Hausa kalma ɗaya ce muke juya ta, na ranta masa, na ranto daga wurinsa, na ara masa, na aro. Su kuwa Turawa kalmomi biyu ne dabam. Allah Ya taimake ni shaidan nan, wani dattijo Kirista mutumin Filato, yana raye, ya zo ya tsaya ya ce a gabansa na ƙirga kuɗin na miƙa. Da haka aka rabu, kuma daga baya dangin mamacin suka biya ni. Amma daga ran nan na ɗauki alkawari ba zan sake sa hannu a kan maganar da ban san gabanta da bayanta ba. Tun da mun taɓo bashi, ku riƙe wannan ma: in kai kake bi, "he owes me". In kai ake bi, "I owe him". Na ga mutane da dama suna juya su a gaban 'yan sanda da gaban alƙali.

To, me ya sa mu Hausawan Jos Turanci yake ba mu wahala fiye da maƙwabtanmu? Ba don ƙwaƙwalwarmu ta gaza ba ne. Kakanninmu sun zo nan neman abinci tun zamanin haƙar kuza, musamman bayan da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, kuma da yake leburori daga ko'ina aka tara, Hausa ce ta zama harshen bariki da na kasuwa. Har yau in Birom da Afizere da Anaguta da Angas suka haɗu a tasha, galibi da Hausa za su gaisa. Wannan daraja ce ga harshenmu, amma tana da nata illa a wurinmu. Ɗan maƙwabcinka yana tasowa da harshen gidansu, ga Hausa a titi, ga Turanci a makaranta da coci. Ɗanka kuwa duk inda ya shiga a Jos, daga Dutse Uku zuwa Farin Gada, za a amsa masa da Hausa, saboda haka babu abin da ya matsa masa ya buɗe baki da Turanci. Sai ranar jarrabawa ta zo. Kun sani babu mai shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare irin ta WAEC ko NECO, kuma dole Turanci yana ciki. A jarrabawar JAMB ma darussa 4 ake yi, uku ka zaɓa bisa ga abin da za ka karanta, amma Turanci tilas ne a kan kowa. Takardar banki, takardar fili, takardar asibiti, sammacin kotu, duk da Turanci suke zuwa. Wanda bai iya ba, kullum asirinsa yana hannun tafinta.

Akwai kuma masu ganin kamar koyon harshen Nasara rage imani ne. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma ya koya cikin kwanaki kaɗan. A cikin Suratur Rum kuma Allah Ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa. Saboda haka wannan magana a ajiye ta gefe. Bilhasali ma, wanda ya yi Islamiyya yana da jari a hannu. Duk wanda ya karanta Ajurumiya ya san fi'ili da fa'ili da maf'uli. A Larabci sau da yawa aikin ne ke fara zuwa, sannan mai aikin. A Hausa da Turanci kuwa jerin iri ɗaya ne: mai aiki, aiki, abin da aikin ya faɗa wa. Audu ya sayi dankali, "Audu bought potatoes". Ka ga ke nan ginshiƙin ginin muna da shi tun daga gida.

Yanzu ga abubuwan da na tsinta, zan jera muku su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ku gajarta magana. Babban ciwon mai koyo shi ne son dogon Turanci. Mun taso muna ganin masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya suna buɗe takarda da layi uku na kirari kafin a zo kan buƙata, sai muka ɗauka hakan ne iyawa. Na taɓa sa wani yaro ya rubuta wa wani kamfani a Legas cewa kayana ba su iso ba. Ya cika shafi guda da manyan kalmomi, ni da na sa shi ban gane ba, kuma su ma ba su amsa ba. Daga baya na rubuta da kaina: "I paid for 20 bales on Monday. They have not arrived. Please tell me when you will send them." Jimla uku. Na biya, ba su zo ba, yaushe za ku aiko. Kwana biyu aka kira ni. Ka'idar da nake bi ita ce jimla ɗaya, magana ɗaya. In ka ga ka sa "and" sau uku ba ka ɗiga aya ba, to tsaya ka yanka ta biyu. Kuma in akwai ƙaramar kalma da babbar kalma masu ma'ana ɗaya, ɗauki ƙaramar. "Buy" ta ishe ka, "help" ta ishe ka, "start" ta ishe ka. Yadda ba ka loda wa jaki kayan raƙumi, haka ba ka loda wa jimla abin da ya fi ƙarfinta.

Na biyu, kada ku ɗauki Hausa ku sa mata rigar Turanci. Wannan shi ne ya fi kama mu. Ku duba kalmar "sha". Muna shan ruwa, muna shan magani, ana shan taba, muna shan iska, muna shan wahala. In ka buɗe ƙamus zai ce maka sha "drink" ce, sai ka je asibiti ka ce wa likita "I drank the tablets". Bature ruwa kawai yake sha da abin da ya yi kama da ruwa. Magani "take" ake ce masa, taba "smoke", wahala "suffer". Haka kalmar "ji". Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Turanci. Su kuwa kowanne da kalmarsa: "hear" ta kunne, "smell" ta hanci, "feel" ta jiki, "understand" ta fahimta. In ka ce "I am hearing smell" ka yi Hausa ce da baƙaƙen Turawa. Ita kuwa "ci" ba a magana, mun ci abinci, mun ci jarrabawa, mun ci riba, mun ci bashi, an ci amana. Jarrabawa "pass" ce, riba "make a profit". Abin da na gane shi ne kalmomi abokan tafiya gare su, kamar yadda ba ka raba shayi da burodi. Saboda haka kada ka haddace kalma ita kaɗai, haddace ta da abokiyarta: "take medicine", "make a mistake", "pay attention", "heavy rain", "switch off the light". Wanda ya haddace irin waɗannan guda 100 ya fi wanda ya haddace kalmomi 1,000 a warwatse iya magana.

Na uku, ƙananan kalmomi. Su ne kamar gishiri a miya, ba a ganinsu amma in babu kowa zai sani. Ku ɗauki "a" da "the". Mutane suna cewa babu su a Hausa, amma akwai abin da ya yi kusa da su. In na ce na ga mota, kowace mota ce, wannan "a car". In na ce na ga motar, wato wadda ni da kai muka sani, wannan "the car". Buhu, "a bag". Buhun, "the bag". Wannan ɗan "r" da ɗan "n" da muke liƙawa a ƙarshen suna, sau da yawa aikin "the" suke yi. Sai "he" da "she". A nan mun fi Yarabawa da Ibo sa'a, domin harsunansu ba sa raba shi da ita, mu kuwa muna rabawa. Amma akwai tarko. A wurinmu mota mace ce, kasuwa mace ce, gida namiji ne. A Turanci duk abin da ba mutum ba "it" ne. Kada ka ce wa makanike "she is not starting", sai ya ɗauka da uwargida kake. Wani tarkon kuma, mu muna cewa Musa ya tafi, Binta ta zo, wato suna sannan "ya" ko "ta". In ka juya kai tsaye sai ka ce "Musa he went". Su ba sa maimaitawa, in ka ambaci suna ya wadatar: "Musa went". Akwai kuma kayan da ba sa ɗaukar "s" ko nawa ne yawansu, irin su "furniture", "luggage", "equipment", "advice" da "information". Ku rubuta waɗannan biyar a bangon littafinku.

Na huɗu, lokaci. Mu a Hausa kalmar aiki tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke sauyawa: ya tafi, zai tafi, yana tafiya, yakan tafi. A Turanci ita kalmar aikin ce ke sauya kama: "go", "went", "gone". Shi ya sa za ka ji mutum ya ce "yesterday I go to Bukuru", domin a ransa tun da ya ce jiya ai an gama. A wurinsu ba a gama ba, sai ka ce "went". Abin da ya taimake ni shi ne na jera su kamar yadda muka jera sarfu a Islamiyya. Yakan sayar, "he sells". Yana sayarwa, "he is selling". Ya sayar jiya, "he sold". Zai sayar, "he will sell". Amma ku lura, ba kowane "ina" ne ke zama "I am" ba. Ina da shago biyu, "I have two shops" ne, ba a cewa "I am having". Ina so, "I want". Na sani, "I know". Waɗannan kalmomi na mallaka da sani da so, a irin wannan ma'ana ba a sa musu wutsiyar "ing".

Na biyar, kuma ina roƙonku ku buɗe kunne a nan, domin wannan yana iya kai mutum ga asara ko ɗauri. Amsar tambayar da aka yi da korewa. In na tambaye ka da Hausa, ba ka biya ba? Kai kuma ba ka biya ɗin ba, sai ka ce e, wato e, ban biya ba. A Turanci abin a juye yake. In aka ce maka "Haven't you paid?" ka ce "yes", to ka ce ka biya ke nan. In ba ka biya ba sai ka ce "No, I haven't". Yanzu ku ɗauka a ofishin 'yan sanda ne, an tambayi yaro "You were not there?" shi kuma ba ya wurin, ya ce "yes", mai rubutu ya rubuta abin da ya ga dama. Maganin abin shi ne kada ka taɓa tsayawa a "yes" ko "no" kaɗai a wurin da magana take da nauyi. Cika ta: "I was not there." "I have not paid." "I did not see him." Kuma in ba ka gane tambaya ba, babu kunya ka ce "Please say it again", ko ka nemi tafinta. A kotu haƙƙinka ne a fassara maka da harshen da kake ji.

Na shida, ladabi. Bahaushe ba ya rasa ladabi, amma ladabinmu yana cikin gaisuwa da sassauta murya. Mukan gaisa, mu tambayi gida da aiki da gajiya, sannan mu ce ba ni kaza, kuma babu wanda zai ji haushi. In ka shiga banki ka ce wa ma'aikaciya "Give me form", a kunnenta umarni ka ba ta kamar 'yar aikinka. Su ladabinsu a cikin ginin jimlar yake: "Could I have a form, please?" "I would like to open an account." Haka ake yi. Sai kalmarmu mai albarka, sannu. Mun saba juya ta zuwa "sorry" in mutum ya yi tuntuɓe, da "well done" in mun tarar da shi yana aiki. A Nijeriya kowa zai gane ka. Amma waɗanda ke zuwa sarin kaya Dubai ko Sin, ko masu hulɗa da baƙi, su sani a can "well done" yabo ne ga wanda ya gama aiki ya yi kyau. Haka in za ka ɗan fita ka dawo ka ce "I am coming", wato ina zuwa, baƙo zai tsaya yana kallonka, ka ce kana zuwa ga shi kana tafiya. Abin da ake cewa shi ne "I will be back soon".

Na bakwai, lafazi. Nan ne ake yi mana dariya, har a wasannin kwaikwayo. Matsalarmu ta farko "p" da "f", domin a Hausa sauti ɗaya ne yake yawo tsakaninsu. Ga dabarar da wani malami ya koya mini. In za ka ce "f", ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska. In za ka ce "p", haɗe leɓɓa biyu ka sake su da ƙarfi. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ka faɗi "p" daidai za ka ga ta motsa farat ɗaya. Ka yi ta maimaita "pan" da "fan", "pull" da "full", "pool" da "fool", wannan ta ƙarshe in ka kuskure ta zagi ce. Haka "v" da "b", kamar "vote" da "boat". Wanda ya iya fitar da haruffan tajwidi daga mafitarsu, wallahi wannan ba zai gagare shi ba. Ita "th" ta cikin "think" ai ita ce sa mai ɗigo uku ta Larabci, ta cikin "this" kuma ita ce zalun, in an karanta su yadda malaman tajwidi ke koyarwa, harshe tsakanin haƙora. Muna kuma da wata sa'a, kunnenmu ya saba da ja da gajarta wasali, mun san bambancin gari na zama da garin tuwo. To irin wannan kunne ne zai raba maka "live" da "leave", da "ship" da "sheep". Ga 'yan kasuwa kuma, ku kiyayi "fifteen" da "fifty", da "thirteen" da "thirty". Na ga an yi rigima a kan lodin dankali zuwa Fatakwal saboda buhu 15 da buhu 50 a waya. In ka faɗi adadi, bi shi da lambobi: "fifteen, one five". In ya yiwu ma tura shi a rubuce.

Wani zai ce, to Turancin buroka fa? Buroka harshe ne mai zaman kansa, da shi muke ciniki da mutanen Anaca da Warri, kuma ban ce ku yar da shi ba. Abin da nake cewa ku san wurin da ake sa kowace riga. Kayan da kake sawa in za ka sauke buhu dabam, na zuwa Masallacin Juma'a dabam. Kuma kada ku ɗauka sai kun maƙale murya kamar mutumin Landan. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Wato su kansu masu harshen sun yarda muna da namu salo. Abin nema shi ne a ji ka a gane, kuma in ka rubuta kada maganarka ta ɗauki fuska biyu.

Yaya za a yi a koya? Ga yadda na yi, kuma ban fara ba sai da na kusa shekara 30. Na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihu tare da na lissafin bashi. Duk jimlar da na ji ta yi mini daɗi a rediyo ko a bakin mai sayen kaya, sai in rubuta ta ɗungurungum, da dare in maimaita. Nakan saurari labaran BBC da Hausa, sannan in saurari na Turanci a gidan rediyon Filato, tun da na riga na san labarin sai kunnena ya koma kan yadda suke ƙulla maganar. Nakan sayi jarida in karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi bayan sallar Asuba, domin harshe kamar hannun mai ɗinki ne, sai da yi yake saba. Akwai ƙamus na Turanci zuwa Hausa na Neil Skinner da ya fito tun 1965, akwai kuma na Roxana Ma Newman na 1990 wanda ya fi shi yawan misalai. Ku kuwa yanzu ga waya a hannunku. Ka ɗauki muryarka ka saurara, za ka kama kuskurenka da kanka. Amma fassarar da waya ke yi kada ku dogara da ita a kan takardar kuɗi ko ta fili, ku kai wa mutum mai ilimi kuma mai amana ya duba.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ba zan zauna ban faɗe shi ba. Lokacin da muke samari, a kasuwar Taminus shagona yana tsakanin na Ibo da na mutumin Filato, kuma rabin Turancina a bakinsu na koya, su ma suna gyara Hausarsu a bakina. Tun daga rikicin watan Satumba na 2001, da na 2008, da na Janairun 2010 wanda mu mutanen wannan yanki muka san zafinsa fiye da kowa, unguwanni sun rabu, makarantu ma sun rabu. Yaro zai tashi bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba Bahaushe ba. Wannan ya cuci Turancin 'ya'yanmu, ya kuma cuci zaman lafiyar garin. Mu da ke Tina Junction muna kan mahaɗa ne, kullum muna cuɗanya da mutanen Angwan Rukuba a bakin titi da wurin cefane. In mai saye ya yi maka Turanci, daure ka amsa masa da Turanci, in ka kuskure ka ce ya gyara maka. Mutum ba ya ƙin wanda ya mai da shi malami. Ni dai ban manta ba, wanda ya cece ni daga kuskuren alƙalamina ba ɗan addinina ba ne.

Ga iyaye kuma, mu daina yi wa mai koyo dariya. Yaro ya buɗe baki ya yi Turanci a gida, sai a ce ga Bature ya zo, shi ke nan ya rufe baki har abada. Mu bar 'ya'yanmu mata da matanmu su zo aji, domin uwa ce ke kai yaro asibiti, ita ce ke karanta takardar magani, ita ce ke duba aikin gida. Kuma kada wani ya fahimce ni a kan a yar da Hausa. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi Turancin da har yau ake saurare, shi ne ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Wanda ya san harshensa da kyau shi ne ke gane inda ya saɓa da na wani, kuma duk abubuwa bakwai ɗin nan da na jera, daga sanin Hausa na gano su.

Daga ƙarshe ga aikin da zan bar muku. Kafin zama na gaba, kowa ya rubuta jimla 5 gajeru a kan sana'arsa, abin da yake faɗa wa masu hulɗa da shi kullum, ya kawo wa malami ya gyara, sannan ya haddace su ya yi amfani da su a wannan mako. Mako mai zuwa a ƙara 5. Wanda ya dage a haka shekara guda zai tara jimla 260 da ya tabbata daidai suke, kuma wannan ya ishi mutum shiga banki da asibiti da ofis ba tare da ɗan rakiya ba. Gemu ba ya hana ilimi, ga ni a gabanku shaida.

 Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mini, ku ma ku yafe mini. Allah Ya zaunar da garinmu Jos da Jihar Filato da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.